Suna Biyu, Ido Ɗaya

Ni ne Haruna, ɗan Malam Idi mai tankaɗen riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Karatuna bai wuce diflomar kwamfuta da na yi a Madani ba. Na tafi Indiya neman aiki a zamanin mulkin Kizan, kamar yadda muke kiran masu mulkin Hartum na wancan lokaci, lokacin da takunkumi ya shaƙe Sudan, na kuma dawo ba aiki. Tun daga nan mutane suke ƙara wa labarin gishiri, har wani a garin Mafaza ya ce da sata aka kama ni. Shi ya sa zan faɗe shi da kaina, zango bayan zango, yadda ya faru.

Zango na farko: hannun Ustaz Siddiƙ

Wanda ya tarbe ni a Bangalor shi ne Ustaz Siddiƙ, mutumin Hartum, mai gemu a daidaice da tabon sujada a goshi. Sana'arsa kawo 'yan Sudan karatu da sama musu aiki. Tun a waya ya yi mini alkawari biyu: kwas na koyon binciken manhaja, sannan aiki a kamfanin da ke duba manhajar jiragen sama. A filin jirgi ya karɓi jawaz ɗina, wato fasfo, ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini.

"Da wannan za su ɗauke ni?" na tambaye shi, don na san halin da ƙasarmu take ciki.

"Ya zol, ma fi mushkila," in ji shi da Larabcinmu, wato kai mutum, babu matsala. "Nan Indiya ce. Ka yi tawakkali."

Ya ajiye ni a wani ɗaki a saman shagon masu faci. In ana ruwa sai in ja katifa tsakiyar ɗaki. Abinci kuwa shinkafa safe da rana, da yaji mai sa kunne ƙaiƙayi. Na rame har wandona ya fara zamewa. Wata tsohuwa mai sayar da shayi a ƙasan benen ta lura ba na cin komai, sai ta fara ajiye mini wata wainarsu mai faɗi, siririya, mai ɗan tsami. Ranar da na fara sa ta a baki na tsaya cak, don kisra ce, kisrar gidanmu, sai dai da shinkafa aka yi ta. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Allah ya saka mata.

Na gama kwas ɗin. Ustaz Siddiƙ ya raka ni har ƙofar kamfanin, ya nuna mini bene da yatsa, ya ce la'asar za ta wuce shi. Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. Ya san abin da ke jirana a ciki. Ya sani tun ranar da ya juya jawaz ɗina a filin jirgi, kuma ya dube ni ya ce in yi tawakkali. Wannan ban yafe ba.

Zango na biyu: ofishin Raman

Manajan sashen binciken manhaja sunansa Raman, gajere, mai fara'a, ba ya ɗaga murya. Ya gwada ni a kan kwamfuta, ya ce na ci. Da ya buɗe jawaz ɗina sai ya rufe shi da sauri kamar ya taɓa garwashi.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Manhajar da suke bincike da ita daga ƙasar da ta sa mana takunkumi aka sayo ta, kuma lasisinta ya hana ɗan Sudan taɓa ta. Masu ba su kwangila ma sun rubuta haka. Ba laifinsa ba ne, ba nawa ba ne.

Lallai ba nawa ba ne. Waɗanda suka jawo takunkumin suna Hartum cikin motoci masu baƙin gilashi, 'ya'yansu suna karatu a waje da fasfo biyu biyu. Ɗan mai tankaɗe shi ne aka tsare a ƙofa. Kuma abin da aka hana ni taɓawa ba bindiga ba ce, abin hana jirgi faɗuwa ne, alhali jiragenmu na gida suna tashi da tsofaffin kayan gyara, fasinja na karanta shahada tun kafin a rufe ƙofa.

Na miƙe zan fita, Raman ya ce in zauna. Yana da ƙarancin ma'aikata. Zai ba ni tebur a ɗakin baya a matsayin mai koyo, in riƙa shiga kwamfuta da sunan wani ma'aikaci har lauyoyi su samo hanya.

"Na ɗan lokaci ne," in ji shi.

Na yarda da shi. Na ɗauka in manaja ya ambaci lauya, to akwai lauya.

Zango na uku: garbal

Wadda ta koya mini aikin ita ce Madam Lata, babbar injiniyar sashen, mace mai furfura wadda ba ta dariya sai da dalili. Ina son irin waɗannan mutanen.

Ga aikin a taƙaice. Jirgin sama na zamani cike yake da ƙananan kwamfutoci: wata na auna mai, wata na lura da tsayi, wata na kula da birki. Kowace tana bin umarnin da mutane suka rubuta mata layi layi, shi ake kira kod. In manhajar wayarka ta rikice, ka kashe ka kunna. A sararin sama babu inda za a faka. Don haka kafin a sa kod a jirgi, sai a zuba shi cikin wata manhajar bincike wadda ke karanta shi gaba ɗaya, ba tare da an kunna injin komai ba, ta bi duk hanyar da lissafi zai iya bi, ta fito da gargaɗi. Nan an yi amfani da lamba kafin a ba ta ƙima. Nan ana iya wuce iyakar jeri a taɓa abin da ba naka ba. Nan ga layin da har abada ba za a kai gare shi ba, me ya kawo shi?

Ni a raina garbal nake kiranta, babbar rariyar da mahaifina yake tankaɗe riɗi da ita. Halinsu ɗaya. Garbal ba ya gajiya, ba ya jin kunyar kowa, amma bai san riɗi ba. Girman rami kawai ya sani. Yakan tare ƙwayar kirki don ta yi ƙiba, ya saki tsakuwa don ta yi ƙanƙanta. Manhajar ma haka take: gargaɗinta dubbai ne, mafi yawansu ihu ne ba ɓarawo. Aikina in bi su ɗaya bayan ɗaya. In kuskure ne na gaske, a gyara. In ba kuskure ba ne, in rubuta dalili a gefen layin, in sa alamar da ke ce wa manhajar ta yi shiru a nan. Daga ranar ba za ta sake magana a wurin ba.

"Ka gane abin da ka yi?" Madam Lata ta tambaye ni ranar da na sa alamata ta farko. "Ka rufe mata baki. Yanzu babu mai tsaron wannan layin sai hankalinka. Shi ya sa doka ta ce duk inda mutum ya rufe bakin manhaja, sai wani mutum dabam ya zo ya duba. Ba shi ba. Ko da ya fi kowa iyawa, ba shi ba."

Wannan doka ba baƙuwa ba ce gare ni. A kasuwarmu mai tankaɗe ba ya soka buhunsa. In mahaifina ya gama ya ɗinke baki, sai maƙwabcinsa ya zo da ƙarfen soka buhu, ya soka inda ya ga dama, ya zuba a tafin hannu ya duba. Mahaifina ya fi shi iya aiki, kowa ya sani, amma yana tsayawa gefe ya yi shiru. Na faɗa wa Madam Lata haka. Ta ce, "To ba sai na ƙara ba."

Na so aikin nan. In faɗi gaskiya, ban taɓa son wani abu kamarsa ba. Komai da gurbinsa, komai da na gabansa da na bayansa.

Zango na huɗu: Kabiru

Sunan da nake shiga da shi na Kabiru ne, wani Bakano da ya yi digirinsa a Indiya ya zauna. Shi yana ɓangaren gwaji, ba ya buƙatar manhajar binciken, sai Raman ya ba ni sunansa da kalmar sirrinsa. Ranar da muka fara haɗuwa na yi masa sallama da Hausa, ya kusa zubar da shayinsa.

"Kai! Basudane da Hausa? Sake faɗi in ji."

Na sake. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Wallahi Hausar kakata ce, an jiƙa ta da Larabci ta kwana. Me ye kuma shugul? Ka ce aiki mana, ya zol!"

Daga nan ya zol ya zama sunana. Surutunsa ya yi mini yawa, teburinsa kamar bola, amma shi ya fitar da ni daga saman shagon faci ya kai ni ɗakinsa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya kai ni asibiti. Yana da garin kuka da daddawa da aka aiko masa, yana ɓoyonsu kamar zinariya, ya tuƙa mini tuwo da garin shinkafa. Yakan ce, "Ka yi aiki da kyau fa, sunana kake sawa. Kada ka dawo mini da shi da datti."

Watanni suka shuɗe, ba lauya ba labarinsa. Ranar wata Juma'a muna dawowa daga masallaci Kabiru ya ce, "Wai kakanka daga ina ya tashi?"

Na ce daga ƙasar Haɗeja, a ƙafa, da niyyar Makka. Ya tsaya a Ƙala'at an-Nahal ya yi noman damina ɗaya don guzuri, daminar nan ɗaya ba ta ƙare ba har ya tsufa aka binne shi a can.

"To ai magana ta ƙare! Kai jikan Najeriya ne. Danginku suna nan?"

"Ana jin labarinsu."

"Ba jabu nake nufi ba, ya zol, haƙƙinka ne. Mu je tare in na tafi hutu, a nemo dangin, su yi shaida, ka karɓi koren fasfo. Raman ya faɗa mini da bakinsa, ka kawo kowane fasfo ban da wannan, gobe ya ba ka sunanka."

Na tsaya a tsakiyar titi, masu babur suna yi mini hon.

Dole in yi bayanin abin da Kabiru bai sani ba. Mahaifina a Ƙala'at an-Nahal aka haife shi, amma shekara da shekaru ya yi yana sintiri kafin a ba shi jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. Ina yaro na raka shi. Na ga wani jami'i sa'ar ɗansa ya tambaye shi ƙabilarsa, da ya ce Hausa sai jami'in ya ture takardun da bayan hannu ya ce, "Ku Fallata kuna da ƙasarku, ku koma mana." Fallata suke kiran duk wanda kakanninsa suka zo daga wajen Najeriya. Aka ce ya kawo shaidu, ya kawo. Aka ce shaidun ma Fallata ne. Ranar da takardar ta fito mahaifina ya yanka rago. To yanzu in je in tabbatar wa jami'in nan cewa gaskiya ya faɗa?

"Ni ɗan Gadarif ne," na ce wa Kabiru. "Kada ka sake yi mini wannan maganar."

"Allah ya ba ka haƙuri. Amma Gadarif ɗin ba ta san kana yi ba."

Ban ci tuwonsa ba ranar.

Zango na biyar: inda na gamu da hannuna

Lokacin miƙa aiki ya matso, masu kwangila za su turo masu dubawa. Mutane biyu sun bar sashen sun koma wani kamfani, ɗayansu Sunil, kuma ba a rufe sunansa a kwamfuta ba. Wata safiya Raman ya zo ɗakin baya da fara'arsa, ya ce daga yau zan taya su duba na biyu, in shiga da sunan Sunil.

Na buɗe abin da aka ba ni. Kod ne na na'urar auna mai a tankunan fiffike. Na fara karanta dalilan da mai aikin farko ya rubuta, sai na ji suna shiga mini kamar ruwa. Kowane dalili a jere yake: na farko, na biyu, na uku. Ba wanda yake rubutu haka a sashen sai mutum ɗaya. Na duba suna, Kabiru. Aikina ne na watannin baya.

Akwai wuri guda da na tuna sarai. Manhajar ta yi gargaɗi cewa a nan ana iya raba lamba da sifiri, abin da ke rikita kwamfuta. Na bi sawun lambar a lokacin, na ga wani sashe yana tace ta tun kafin ta iso, sai na rubuta dalili na rufe bakin manhajar. Na sake karantawa, na ga daidai ne. Har gobe ina ganin daidai ne. To dama me zan gani? Kan da ya yi tunanin shi ne yake duba tunanin.

Na sami Raman a ofishinsa.

"Wannan aikina ne. Ba zan duba shi ba."

"Aikin Kabiru ne," in ji shi a hankali. "Sunil ne zai duba."

"Kabiru ni ne. Sunil ma ni ne."

"Ka ga kuskure a ciki?"

"Ban gani ba."

"Manhaja ta yi gargaɗi?"

"Ba za ta yi ba. Ni na ce ta yi shiru."

"To ina matsalar? Manhaja ta gamsu, kai ka gamsu. Danna amincewa ka wuce, Harun. Akwai irinsa da yawa a bayansa."

Na ce masa suna biyu ne a kwamfuta amma ido ɗaya ne, kuma mutanen da za su hau jirgin an gaya musu ido biyu ne. Na ɗaga murya, ban musa ba. Na ce zan faɗa wa masu dubawa in sun zo.

Fara'ar ba ta bar fuskarsa ba. "Ka faɗa musu a matsayin wa? Babu Harun a kamfanin nan. In ka buɗe baki, abin da za su gani shi ne ɗan Sudan ya taɓa manhajar, kuma Kabiru ne ya ba shi kalmar sirri. Shi za a kora, a soke bizarsa. Kai ba abin da za a soke maka." Sai ya sassauta murya. "Ka kawo ɗaya fasfon. In kana da sunanka, wa zai iya sa ka zama mutum biyu? Ni ma na huta."

A nan na gane dalilin da ya sa aka ajiye ni a ɗakin baya. Mutumin da ba shi da suna ana iya sa masa kowane suna. Zanen aro dama ba ya rufe katara.

Ban koma teburina ba. Na wuce wurin Madam Lata na faɗa mata komai a tsaye. Ta cire tabarau. Ta san da sunan Kabiru nake aiki, amma ba ta san da na Sunil ba.

"Bar mini na'urar man," ta ce. "Duk abin da ka taɓa, ni zan duba da sunana. Zan kuma sa a rufe sunan Sunil yau." Ta mayar da tabarau. "Amma ba zan iya riƙe maka teburinka ba. Ka san haka."

Na sani. Kafin azahar mai gadi ya zo ya tsaya a kaina har na tattara kofina da dardumata. Ban taɓa jin abin da Madam Lata ta samu a wurin raba lambar nan ba, ko ta samu wani abu, ko ba ta samu ba.

Kabiru ya raka ni filin jirgi. Bai yi wasa ko ɗaya a hanya ba. A bakin ƙofa ya cusa mini sauran garin kukarsa a jaka ya ce, "Taurin kanka ya fi na jakin Kano, ya zol. Amma ka dawo mini da sunana da tsabta."

Zango na ƙarshe: kasuwar Gadarif

Na iso ana tsakiyar kakar riɗi. Washegari da hantsi na sami mahaifina a rumfarsa, ƙaiƙayi ya rufe masa gira, yana kaɗa garbal. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari a jere kamar yadda na bayar a nan. Na ajiye maganar fasfo a ƙarshe, don ita nake jin zai yi alfahari da ita.

Bai daina tankaɗe ba har na gama.

"Wannan na duba aikinka da kanka," in ji shi, "da ka danna, da ba ka ci abinci a gidana ba."

Na ce na sani, Baba.

"Amma fasfon, da ka karɓa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Baba, bayan wahalar da ka sha? Bayan abin da jami'in nan ya faɗa maka a gabana?"

Sai a lokacin ya ajiye garbal. "Kai wawan ina ne? Kana tsammani don son takarda na yi sintirin nan? Na yi ne don a bar ku ku yi karatu, ku yi aiki, kada a tsare ku a ƙofa. An tsare ka a ƙofa, ga wata a buɗe, ta kakanka ce halal, ka ƙi shiga don kada wani yaro mai hatimi ya ji daɗi. Shi ya ma manta da mu. Kakanka da wace takarda ya zo nan?"

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu. Maƙwabcinsa ya iso da ƙarfen soka buhu. Mahaifina ya ja baya ya naɗe hannu a ƙirji, ya yi shiru, har mutumin ya soka, ya zuba a tafi, ya hura, ya gyaɗa kai.

Yanzu ina gyaran kwamfuta a wani shago kusa da tashar motocin Fau. Mahaifina ya rasu ba mu daidaita a kan maganar fasfon ba. Shi ya ce na yi daidai a ɗaya na yi wauta a ɗaya. Ni na sake bin lissafin sau da yawa, daga farko har ƙarshe, kuma kullum ina ganin na yi daidai a duka biyun. Sai dai ni ne na yi, kuma ni ne nake dubawa.